Shafin da Ya Fi Datti a Littafin Kawu

Bari in fara da laifina tun kafin wani ya riga ni faɗa. Na taɓa naɗe ta'amiyya da takarda ɗaya daga littafin Kawu. Ta'amiyya ita ce ƙosan mutanen Masar, kuma idan mai suyar layinmu ne ya soya, man da ke fita daga guda uku ya isa a tuƙa tasi daga Faisal zuwa Giza a dawo. Ranar Kawu ya tafi sallar azahar ya bar min shago, ni kuma na tsallaka na sayo mai zafi. Kafin in zauna takardar da aka zuba min ta jiƙe ta huje, mai ya fara ɗiga, ga farin yadi shimfiɗe a kan tebur. Na duba hagu na duba dama ban ga tsumma ba. Sai idona ya faɗa kan littafin.

Ba irin littafin da aka ɗinke ba ne. Ƙaton fayil ne mai zobba uku na ƙarfe, idan ka ja su sai su buɗe baki ka zare takarda. Kaurinsa ya kai na bulo, nauyinsa kuwa ya fi ƙanena. Na ce a raina littafi mai wannan ƙiba ba zai san an rage masa takarda ɗaya ba. Kuma don in nuna ni mai tarbiyya ne, ban ɗauki mai tsabta ba. Na yi ta buɗawa har na samu wadda ta fi kowacce datti, wadda aka cika gefenta da rubutun fensir sama da ƙasa, ga kibiyoyi, ga da'ira, ga tabon shayi. Na ce wannan ai ta riga ta lalace. Na zare ta, na mayar da zobban na rufe, na naɗe, na ci, na dunƙule, na jefa a kwandon sharar bakin titi. Har yaba wa kaina na yi da hankali.

Kawu yayan Mama ne. Ya zo Alƙahira karatun fiƙihu tun Mama tana firamare, ya gama karatun, amma bai koma gida ba. Yana ɗalibi ya samu aikin buga takardu a wani ƙaramin ofis, a can ya haɗu da kwamfuta irin ta farko, mai baƙin allo da koren rubutu, wadda ke aiki da tsohon tsarin nan da ake kira DOS. Babu hoto, babu abin dannawa da yatsa. Rubuta mata abin da kake so za ka yi, idan ka kuskure harafi ɗaya ta yi kamar ba da ita kake ba. Da aka rufe ofishin aka fitar da tarkace, shi ya tsinci littafin ya rungumo shi a bas har gida.

Littafin ba na masu amfani da kwamfuta ba ne, na masu rubuta mata manhaja ne. Shi ke faɗa maka yadda za ka roƙi tsarin ya buɗe maka fayil, ko ya sa harafi a allo, ko ya tura saƙo ta ƙofar nan ta baya inda ake soka waya. Kowace buƙata da lambarta da sharuɗɗanta. A cikinsa Kawu ya koyi Turanci, shi ya sa har yau Turancinsa duk umarni ne. Ya iya cewa a buɗe, a rufe, a jira, a mayar, amma ban taɓa jin ya tambayi lafiyar wani da shi ba.

Abin da ya fi burge ni, ko da yake sai daga baya na gane, shi ne yadda ya karanta shi. Karatun da ya sani ya yi masa. A wajensa abin da aka buga matani ne, abin da shi ya rubuta a gefe kuma hashiya. Ya karanta sakin layi, ya gwada a kwamfuta, sannan ya rubuta abin da ya gani da idonsa. Wani wurin ya sa “haka ne”, wani wurin ya sa “ba haka ba ne” ya kawo yadda abin yake. Rabin rubutun Larabci, rabi Hausar ajami, lambobin kuma na boko. Ban san wannan ba ranar ta'amiyya. Ni dai datti na gani.

Shagonsa yana wani lungu da ya rabu da babban titin Faisal, ƙanƙantarsa kuwa idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. A ciki akwai keken surfani tsoho mai allura ɗaya, wanda kwamfutar ke sarrafawa. Aikinsa ɗinka sunaye a kan ɗan gyalen nan da ɗalibai ke ratayawa a kafaɗa ranar kammala karatu. Manhajar da ke juya haruffan Larabci su zama ɗinki, su haɗu da juna ba tare da zare ya tsinke ba, Kawu ne ya rubuta ta da kansa, layi bayan layi, daga wannan littafin. Ɗaliban gida duk wajensa suke zuwa, don shi kaɗai ne ba sai an maimaita masa sunan ƙauyen mutum sau biyar ba.

Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, shi ma kwamfuta ya karanta, amma irin ta yanzu. Yana son mahaifinsa, ba ya son keken. Kullum mai bikya ya wuce da amalankensa yana kiran masu tsofaffin kaya, sai Yaya ya leƙa waje ya ce, “Baba, ga abokinka yana sallama.” Kawu kuma ya ce a gaishe shi, a ce masa bai shirya ba.

Kamar mako biyu bayan na ci ta'amiyyata, wata Litinin da safe, kwamfutar ta ƙi tashi. An danna, an hura, an buga mata gefe, har ni na yi mata addu'a, shiru. Ga gyale ashirin da wani abu na ɗaliban gida a jere, walimarsu kuma ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Yaya bai yi dariya ba, ya dai zauna da mahaifinsa suka yi magana ta manya. Ya ce zai je kasuwar Ataba ya nemo wata tsohuwar kwamfuta mai irin wannan ƙofar ta baya. Amma idan magaribar Alhamis ta yi keken bai ɗinka suna ɗaya daidai ba, zai kwashi gyalen ya kai shagon zamani, keken kuma ya bi mai bikya, Kawu ya huta. Kawu ya dubi keken, sannan ya ce tamam, wato ya yarda. Kowa a danginmu ya san idan Kawu ya ce tamam, ko shi kansa ba ya iya warware ta.

Talata Yaya ya kawo kwamfutar a cikin buhu. Tsohuwa ce ita ma, amma kusa da marigayiyar budurwa ce. Aka soka waya, aka saka fulofi, wato ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu da manhajar ke ciki, ta tashi lafiya. Kawu ya ɗaura ƙyalle na gwaji ya rubuta suna. Keken ya zabura kamar an mintsine shi, ya yi harafin farko, daga nan ya haukace. Abin da ya fito ya fi kama da taliyar da ta faɗi ƙasa.

Kawu bai damu ba, har murmushi ya yi. Ya ce ya san ciwon. Sabuwar ta fi tsohuwar sauri, tana ɗura wa keken umarni kafin ya haɗiye na bakinsa, shi kuma sai ya zubar da rabi. Ya ce shekarun baya ya taɓa aron wata mai sauri na mako ɗaya, ya sha wannan wahalar, ya gano yadda za a sa ta riƙa jira, ya rubuta maganin a gefen shafin da ke bayanin ƙofar baya. Da tasa ta dawo daga gyara ya koma kan tsohuwar manhajarsa, bai sake bi ta kai ba. Aikin rabin sa'a ne. Ya ce in miƙo littafin.

Na miƙo shi. Har lokacin ina da sauran fata, don takardu sun fi dubu, me zai sa a ce tawa ce.

Ya buɗe wajen tsakiya, ya sa yatsa a ƙasan wani shafi, ya karanta wani abu a hankali, ya ɗaga ido zuwa saman shafin da ke biye. Ya sake komawa ƙasa. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. A ƙasan kowace takarda, can a kusurwa, ya rubuta kalmar farko ta takardar da ke bin ta, kamar yadda malaman gida ke yi wa littattafan hannu marasa ɗinki, don ko sun watse a iya jera su. Duk littafin ya yi wa haka, takarda ɗaya bayan ɗaya. Kalmar da ke ƙasa ba ita ce a sama ba.

“Akwai takarda ɗaya da ta fita yawo,” in ji shi, bai kalli kowa ba.

Yaya ya ce wataƙila ta daɗe da ɓata. Kawu ya ce da azumin da ya wuce ya gan ta. Ni kuma, da bakina ya fi kaina sauri, na ce ko ɓera ne.

“Ɓeran da ya iya buɗe zobe ya zare takarda ya mayar ya rufe,” Kawu ya ce, “ya kamata a sa shi makaranta.”

Ya rufe littafin a hankali, ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya zauna haka. Da duka ya yi min da na fi jin daɗi. Na koma gida na kasa cin abinci, faranti biyu kawai na iya. Mama ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne.

Laraba da sassafe na riga shi zuwa ƙofar shago. Na tsara jawabi mai gabatarwa da dalilai da kammalawa, amma da ya iso duk ya gudu, na ce kawai, “Kawu, ni ne ɓeran.” Na ba shi labari duka, har da man. Ya saurara yana neman makulli a aljihu. Abu ɗaya ya tambaya: a cikin takardu masu yawa haka, me ya sa na zaɓi wannan. Na ce don ita ta fi datti, na ga kamar an gama da ita.

Ya tsaya da makullin a hannu, ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa bango yana tari. Da ya lafa ya share ido ya ce, “Ɗana, wadda ta fi datti ita aka fi buƙata. Masu tsabtar ai ba su taɓa yi min aiki ba.” Ya mayar da makullin aljihu ya ce yalla, mu je mu kama metro, jirgin nan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa.

Kusa da Ataba akwai kasuwar tsofaffin littattafai, rumfa na bin rumfa. Muka yi ta tambaya. Wani ya ba mu littafin gyaran rediyo, wani ya ba mu na koyon girki ya rantse shi ne. A rumfa ta kusan ƙarshe wani dattijo ya ji bayanin Kawu, ya ajiye shayinsa, ya ce rabon da a tambaye shi wannan tun gashinsa yana baƙi. Ya sa ni ɗaga littattafan likitanci har bayana ya yi ƙara, can ƙasa muka same shi, fayil mai zobba uku irin na Kawu, danshi ya kumbura shi. Kawu ya buɗe tsakiya, ga takardar, fara tas.

Na yi tsalle na ce khalas, an gama. Kawu ya ce ba a gama ba, matani muka samu, hashiyar tana cikin shara. Littafin yana faɗin abin da ya kamata ƙofar ta yi. Abin da shi ya rubuta kuwa shi ne abin da wannan keken yake yi a zahiri, da wayar da shi ya haɗa da hannunsa. Ya ce ya tuna akwai saɓani tsakanin biyun, amma bai tuna inda yake ba.

Muka sayi littafin, muka koma shago muka zauna. A ranar na fara ganin kayan aikinsa. Akwai wanda yake kira asembula, shi ke karɓar layukan da mutum ya rubuta ya juya su zuwa abin da kwamfuta ke ganewa. Akwai kuma dibog, wanda ke kama manhaja ya sa ta tafi taku ɗaya ta tsaya, ya nuna maka lambobin da ke cikinta, sai ka ce ta ƙara taku. Dukansu biyu a fulofi ɗaya suke, kuma Kawu ya ce hoto ɗaya na wayata ya fi su girma. Ni nake karanta masa jadawalin sabuwar takardar da ƙarfi, shi yana bugawa da yatsu biyu.

Littafin ya ce idan na'urar da ke ɗaya ƙarshen wayar ta shirya karɓa, wata lamba a ƙofar za ta nuna goma. Kawu ya sa manhajar ta jira goma. Ta jira. Muka jira tare da ita. Da ba a kashe ta ba da har yanzu tana nan tana jira. Ya cire wannan, ya gwada rage saurin turawa. Keken ya yi haruffa uku daidai sannan taliya. Ya ƙara ɗan jinkiri, haruffa biyar sannan taliya. Kowane gwaji sai ya canja abu ɗaya tak, ya sa asembula, ya ɗaura ƙyalle, ya duba, ya rubuta sakamakon a bayan wata ambulan. Na gaji na ce mu canja duka lokaci guda mana, ko Allah zai sa a dace.

“In ya yi aiki, wa za ka gode wa a cikinsu?” ya ce. “In ya ƙi, wa za ka kama?”

Magariba ta yi muka rufe shago da tulin ƙyallaye masu taliya. Bai yi fushi ba, bai kuma ambaci ta'amiyya ba ko sau ɗaya. Wannan ya fi komai damuna.

Alhamis ya zo da wata dabara. Ya ce jiya mun yi ta faɗa wa keken abin da zai yi, yau za mu saurare shi. Ya buɗe dibog ya rubuta ƴar manhaja da ba ta kai layi goma ba, aikinta kawai ta riƙa leƙa ƙofar baya tana nuna lambar da ta gani a allo. A jikin keken akwai ƴar fitila ja da ke kamawa idan yana cikin aiki, ta mutu idan ya gama. Ya ba ni aikin kallon fitilar. In ta mutu in ce yanzu, shi kuma idonsa na kan allo. Na ɗauki aikin da muhimmanci har na daina ƙiftawa, hawaye suna zuba kamar an yi min rasuwa.

Da la'asar Yaya ya iso da babbar leda ta kwashe gyale. Ya jingina da ƙofa. Can mai bikya ya wuce yana kira, na jira in ji gaisuwar da aka saba, Yaya ya yi kamar bai ji ba. Bayan ɗan lokaci ya ajiye ledar ya matso bayan mahaifinsa yana leƙen allon.

Na ce yanzu. Kawu ya ce a sake. Na ce yanzu. Yaya ne ya nuna da yatsa ya ce wani abu ya motsa a can. Aka sake sau uku. Duk lokacin da fitilar ta mutu, lambar sai ta nuna ashirin, ba goma ba.

Kawu ya jingina da kujera ya ce, “Ita ce. Har na tuna da'irar da na yi mata.”

Ya buɗe manhajarsa ya canja lamba ɗaya a layi ɗaya. Kwana biyu muna nema, gyaran bai kai tsawon atishawa ba. Ya sa asembula, ya ɗaura ƙyalle, ya rubuta sunan da ya fi kowanne tsawo a jerin ɗaliban. Keken ya fara, ya ɗan tsaya, ya ci gaba, ya ɗan tsaya, kamar mai karatu yana numfasawa a inda ya dace. Ya kai ƙarshe ya yanke zare. Yaya ya ciro ƙyallen ya kai bakin ƙofa wajen haske, ya bi shi harafi harafi, yana neman kuskure da gaske. Bai samu ba. Ya naɗe ledarsa ya cusa a aljihu, ya tambayi mahaifinsa inda farin zare yake.

Kafin a ɗaura gyalen farko Kawu ya ce a dakata. Ya zare farar takardar daga littafin da muka samo, ya buɗe zobban nasa ya saka ta a gurbinta, ya miƙo min fensir. Ya ce in rubuta a gefe cewa ba haka ba ne, wannan keken ashirin yake ɗagawa, in kuma faɗi yadda muka gano. Sannan in duba kalmar farko ta takardar da ke biye in sa ta a kusurwar ƙasa. Na ce rubutuna ba shi da kyau. Ya ce ya sani.

An gama gyalen duka ranar Juma'a kafin kiran sallar farko, Yaya ne ya kai su da kansa. Mai bikya ya samu matacciyar kwamfutar, keken yana nan yana aiki. Takardar asali ba a ƙara ganinta ba, kuma sauran abubuwan da Kawu ya rubuta a gefenta sun tafi tare da ita, don ya ce bai tuna su ba.